Tagwayen Kwamfutar Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan horonka. Ya gajiya, ya kewar gida? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Umma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ana ba ka abinci ka ƙoshi, domin a hoton da ka aiko wuyanka ya ƙara tsawo. Baba ma jiki da sauƙi, yanzu yana takawa har shago da sandarsa, sai dai hannun daman nan da ya shanye har yau bai dawo ba.

Wanda ya ƙirƙiro dokar karɓe muku wayoyi har ku gama horo, Allah Ya shirye shi. Rabona da cika takarda da biro tun ina makaranta, don haka kada ka yi wa rubutuna dariya. Direban da ke kai muku kaya ya yi alkawarin zai damƙa maka ita hannu da hannu.

Yaya, maganar kwamfutar shago ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tsohon keken surfaninmu ya daɗe yana tari, to ya cika. Mun kawo sabo mai kai biyu, amma yana nan lulluɓe da leda kamar baƙon da ba a nuna wa wurin zama ba. Manhajar da ake tura masa zane da ita ta ƙi zama a kwamfutarmu. Wai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tsufa, sai an sauke ta an ɗora sabuwa. Na ce a yi mata ƙari mana kamar yadda ake yi wa waya, aka ce tsufanta ya wuce ƙari, sai dai a share wuri a yi sabon gini.

Kalmar sharewar nan ce ta tsaya mini a rai. Duk zanen surfanin da Baba ya yi a rayuwarsa yana cikin akwatin nan. Kai da hannunka ka kwashe su daga takardu ka zuba a ciki, takardun kuma ka san abin da gara ta yi musu a ɗakin ajiya. Ba wanda ya damu a lokacin, tunda an ce komai na cikin kwamfuta. Jiya na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina karanta sunayen da ya raɗa musu, su Tafiyar Tururuwa, su Gashin Bakin Alƙali, su Ummanku Ta Yi Fushi. Na fara dariya, sai dariyar ta maƙale mini, don na tuna hannun da ya zana su yanzu ko cokali ba ya riƙewa. In suka tafi sun tafi ke nan.

Na kira mai gyaran kwamfutar nan na bayan kasuwa, wanda kake kira Ba-Komai. Sunan ya bi shi kuwa, kafin in gama bayani ya faɗi ba komai ya fi a ƙirga. Ya buɗe ƙofar gaban akwatin ya nuna mini rumbunan ajiyar nan biyu da ka sa, waɗanda Baba yake kira tagwaye. Ya yaba maka, ya ce dabara ka yi, domin duk abin da aka rubuta a ɗaya nan take ɗayan yake kwafa, kamar mutum da madubi, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Na ce to alhamdu lillahi, ashe ba abin tsoro. Ya ce a'a, nan ne ma abin tsoron yake, don madubi ba ya zaɓe, in ka yi murmushi ya yi, in haƙorinka ya fita nasa ma ya fita. In aka share ɗaya alhali suna tare, an share duka biyun.

Shawararsa ita ce a zare ɗaya a ajiye gefe da zanen Baba a cikinsa, a ɗora sabuwar manhaja a kan ɗayan, sannan a jona wanda aka zare ta waje da wata igiya a kwashe zanen a tsanake. Sai an gama wannan za a mayar da shi gurbinsa. Na ce me zai hana mu fara kwafe komai a wani wuri daban? Mun gwada, Yaya. Da an soka wa tsohuwar nan wani abu a gefe sai ta sandare, sai an kashe an kunna. Muka yi ta fama har ya ce mu ƙyale ta kada mu ƙarasa ta, ai wanda za a zare shi ne ajiyarmu.

Ban faɗa wa Baba ba. Likita ya ja mana kunne a kan duk abin da zai tayar masa da hankali, kuma ka san shi da tagwayen nan, ko ƙura zan goge sai ya ce in bi a hankali. Umma kaɗai ta sani, ta ce in yi abin da ya dace in ja bakina. Jibi za a yi aikin. Da kana nan da ban rasa barci ba, amma ni zare da allura na sani, su kuma ba sa cinye abin da aka ba su ajiya. Ka sa mu a addu'a, in kuma akwai abin da na manta ka rubuto da wuri.

Ka huta lafiya. Ni ce ƙanwarka,
Auta.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Kowa a gida lafiya, kada gabanka ya faɗi, ba jikin Baba ba ne.

An yi aikin jiya kamar yadda aka tsara. Ba-Komai ya zare rumbun da ke ƙasa ya ba ni a hannuna, ya ce in riƙe shi kamar ƙwai. Na naɗe shi a ƙyallen shadda na cusa can tsakiyar buhun ƙyallaye, inda ba abin da zai buge shi. Ya share na saman a gabana. Lokacin da kwamfutar ta tambaya ko mun tabbata, shi ya danna, ni na rufe ido. Sabuwar manhaja ta hau lafiya, allo ya yi fes kamar ba kwamfutarmu ba. Da aka zo kwashe zane sai ya laluba jakarsa ya ce ya baro igiyar a shagonsa, zai kawo yau da hantsi. Ya ce kada in kashe kwamfutar, tana jawo sauran kayanta daga intanet.

Matsalar ita ce tun da aka zare ɗaya akwatin ya kama wata tsuwwa, ƙit, ƙit, ƙit, ba tsayawa, ga wata jar fitila tana ƙyafta ido a gurbin da aka bari. Ba-Komai ya ce cigiyar ɗan'uwansa yake yi, ba zai yi shiru ba sai an mayar. Ya nemi inda ake kashe ƙarar ya rasa. Na kulle shago na bar shi yana ta yi.

Yau da safe na biya kasuwa sayen zare, da niyyar in riga kowa zuwa, tunda Baba ba ya fitowa sai rana ta ɗaga. Ban san ya tashi da ƙarfin jiki ba, ya ɗauki makullin da ke rataye a ɗakin Umma tana wanka. Da na iso na ga ƙofa a buɗe ban kawo komai a raina ba. Shirun ne ya fara tsayar da ni. Babu tsuwwa. Na leƙa, jar fitila ta mutu, koraye biyu suna ƙyaftawa tare da sauri, ga ƙyallen shaddar an ninke shi tsaf a kan teburin yanka.

Baba yana zaune a kujerarsa yana murmushi, irin murmushin da rabon da in gani tun kafin ya kwanta ciwo. Wai tun daga bakin titi ya jiyo kukan, ya shigo ya tarar an raba tagwaye, wane irin sakaci ne wannan, ai ba a raba su. Wai na zaci bai san maɓoyata ba, alhali tun ina rarrafe a buhun ƙyallaye nake ɓoye alewa. Ya ce da ƙyar ya samu abin ya shige, sai da ya tokare da gwiwa, amma da ya ji ƙas sai kukan ya tsaya. Ya ɗaga hannun hagu ya jujjuya mini shi, ya ce ashe wannan ma bai zama ɗan kallo ba.

Yaya, aikin farko ke nan da hannunsa ya yi a shagon nan tun da ciwon ya same shi. Na ce sannu da aiki Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ban san da wane baki na faɗa ba. A lokacin nan akwatin yana can yana yin abin da ka koya masa, yana shafe zanen Baba yana kwafa sabon ginin a kai, cikin natsuwa da biyayya. Na zagaya bayan tebur kamar almakashi ya faɗi, na fizge wayar daga soket, na ce kash, an ɗauke wuta. Fanka kuwa tana ta juyawa a kanmu. Baba ya ɗaga kai ya dube ta.

Ban san tsawon lokacin da tagwayen suka yi tare ba. Na tambaye shi da dabara, ya ce ai har ya sha shayinsa ya gama sauraron labarai a rediyo. Na shiga bayan labulen gwaji na toshe bakina da mayafi, na yi kukan da ba a ji. Mun gudu gara mun faɗa gidan zago.

Ina jiran Ba-Komai, na aika masa ya zo ta ƙofar baya. Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron zanen, kuma ina tsoron ranar da Baba zai san hannun wa ya yi.

Taka,
Auta.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ƙoƙari, ya jiki? Umma ta ce a gaishe ka. Baba yana shan maganinsa yadda ya kamata.

Amsarka ga wasiƙata ta farko ta iso, na gode. Na ga inda ka ja layi ka ce in zaunar da Baba in yi masa bayani kafin a taɓa komai, kuma in toshe bakin gurbin da salatif. Gaskiyarka ne, sai dai ihu ne bayan hari. Ban ga laifinka ba, hanya ce mai nisa.

Da Ba-Komai ya zo ya ji abin da ya faru, ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya dafe kai. Na tsaya ina jiran ya faɗi kalmar tasa, yau kam ina bukatarta, amma bai faɗa ba. Ya tafi da tagwayen duka biyu a jakarsa, ni kuma na lulluɓe akwatin da yadi na ce wa Baba ana jiran wani ƙarfe ne. Kwanakin da suka biyo baya ba zan ce na rayu ba, ba zan ce na mutu ba. Na yanka hannun riga biyu duka na hagu. In waya ta yi ƙara sai in zabura, in ba ta yi ba kuma in ƙagu. Umma takan tsare ni da ido a wurin cin abinci, ni in tsare kwano.

Jiya ya kira ni shagonsa. Ya ce kwafar daga farkon rumbu take farawa, a farkon kuma nan ne rumbu yake riƙe sunan kowane zane da inda yake kwance, don haka ko da na fizge waya wannan ya riga ya tafi. Ya sa wata manhaja ta yi ta tono kamar mai kalen gyaɗa a gonar da aka gama girbe. An samu da yawa, ban raina ba. Amma duk babu suna, sai lambobi, kuma na shekarun baya-bayan nan ne. Tsofaffin, waɗanda ka kwashe daga takardu, su ne suke kwance a daidai inda sabuwar manhaja ta kafa gininta. Wasu babu su sam, wasu in an buɗe sai ka ga rabin wuyan riga, sauran tarkace. Na nemi Tafiyar Tururuwa har idona ya yi ja, ban gan ta ba.

Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri, yana cewa da bai manta igiya ba. Na ce da ni ma ban yi ɓoyo ba. Muka bar maganar a nan, tunda da-na-sani ƙeya ce.

Yanzu kullum Baba sai ya tambayi yaushe za a yaye wa sabon keke ledarsa, yana so ya ga yadda zai fitar da tsofaffin zanensa. Tsohon hedimastan nan abokinsa ya kawo yadi, ya ce irin aikin da aka saba yi masa yake so, ba ya son na zamani. Na ce ya dawo wani mako. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya, dole gobe in faɗa.

Ga abin da na yanke, kuma ina roƙonka ka tsaya a kai. Zan ce ni na danna abin da bai kamata ba tun ranar da aka ɗora manhajar, kafin ma Baba ya taɓa komai. Ba-Komai ya yarda zai bi bayana, Umma ma haka. In ka rubuto wa Baba, ka yi mini faɗa sosai a ciki yadda zai gamsu, na san ba zai yi maka wuya ba, ka saba. Gara ya yi fushi da ni shekara guda da ya tsani hannun da ya rage masa. Na ajiye lambar likita a saman wayata, na kuma yi magana da mai motar maƙwabta ya kasance a kusa.

Ka yi mini addu'a. Ƙanwarka,
Auta.

*

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Bari in fara da abin da kake jira: Baba yana nan a kan ƙafarsa. Likita ya auna shi, ya ce jinin ya ɗan hau amma ba na tashin hankali ba. Kada ka rubuto faɗan nan da na roƙe ka, ka ajiye shi zuwa wani laifin.

Na faɗa masa da safe a shago, bayan ya sha shayi. Na durƙusa a gabansa na zuba ƙaryata tiryan-tiryan yadda na haddace ta, idona a kan bakinsa, ina duba ko zai karkace kamar wancan karon. Bai katse ni ba har na kai aya. Sannan ya yi magana, zan rubuta maka ita yadda ya faɗa don ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ya ce, “Auta, tun kafin a haifi yayanki nake auna mutane. In mutum ya sa rigar da ba tasa ba, daga nesa nake ganewa. Wannan laifin ba awonki ba ne, ya yi miki yawa a kafaɗa. Cire ki ba ni kayana.”

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Shi ma na ji ɗigon nasa a ƙeyata. Ya ce mun mayar da shi kamar tangaran, kowa yana lallaɓa shi, ba mai gaya masa gaskiya, shi kuma ya ga kuka ya zaci taimako ake nema. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Daga nan ya ce in kunna kwamfutar. Ba-Komai ya riga ya mayar da tagwayen, ya zuba abin da aka tsira da shi, ya kuma yi mana ajiya ta uku da ba ta jone da kowa. Ina buɗe zane, Baba yana kallo ɗaya ya faɗi sunansa, ina rubutawa. Ko ɗaya bai ɓace masa ba. Da muka zo kan masu rabi sai ya ce in wuce. Da muka ƙare ya rufe ido ya shiga kiran waɗanda babu, yana faɗin wanda ya taɓa ɗinka wa kowanne. Ya ce zane ba a kwamfuta kaɗai yake ba, yana wuyan mutane, a je a aro rigunan in ɗauki hotonsu in bi sawun zaren. Hedimasta ya kawo nasa guda biyu da kansa. Wasu masu rigunan sun rasu an raba kayansu, wasu sun yi kyauta da su, wasu ba a san inda suka koma ba. Abin da ya tafi ya fi abin da zai dawo yawa, wannan duk mun sani, ba mai faɗa.

An yaye wa sabon keke ledarsa, yana aiki kamar ruwa. Amma Yaya, ga abin da yake hana ni sukuni. Tun ranar nan Baba bai sake taɓa komai a shagon ba. Yana zuwa, yana zama, yana ba ni umarni, hannun hagu kuwa yana cikin aljihu. Jiya allin awo ya faɗi a gaban takalminsa, ya kira ni daga wurin guga in zo in ɗauka. Ko rigunan da ake kawowa da ido yake duba su.

Shi ya sa nake roƙonka abu ɗaya. Shuɗiyar rigar nan da ka tafi da ita, Baba ya ce aikin wuyanta shi ne zane na farko da ya taɓa yi da kansa yana ɗan koyo, kuma bai taɓa maimaita shi a rigar kowa ba sai taka. Yanzu a duniya a nan kaɗai yake. Ka naɗe ta a leda ka ba direba a zuwansa na gaba. Kada ka wanke, kada ka goge, na san wankinka. In ta zo ba zan shimfiɗa ta a tebur ba, a cinyarsa zan ɗora ta in tafi bayan labule, in ga ko zai fito da hannun ya shafa ɗinkin.

Umma tana sa maka albarka. Baba ya ce in gaya maka aro ne, zai mayar maka da rigarka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta.